Ba Kowane Tudu A Kafaɗa Ne Gocewar Ƙashi Ba

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi bayani kan wani raunin kafaɗa da ake yi wa gurguwar fahimta, wato yagewar jijiyoyin da ke ɗaure ƙashin wuya da allon kafaɗa.

A wuri ɗaya tak ƙasusuwan hannu suka haɗu da na gangar jiki, wato inda ƙashin wuya, siririn nan da ya miƙe zuwa kafaɗa, ya zauna a kan ƙashin ƙirji. Sauran riƙon duk na tsoka ne da jijiyoyi. Ba jijiyar jini nake nufi ba, sai mai kama da igiya da ke ɗaure ƙashi da ƙashi.

Inda ƙashin wuya ya tarar da allon kafaɗa akwai wata 'yar gaɓa. Jijiya ɗaya ta lulluɓe ta, tana hana ƙashin zamewa gaba ko baya. Wasu biyu kuma, konoyid da tirafizoyid, sun taso daga wani tsinin allon mai kama da bakin hankaka, suka kama ƙashin wuya ta ƙasa. A kansu nauyin hannu yake rataye. Idan mutum ya faɗi a kan kafaɗa hannunsa na manne da jiki, wadda ta lulluɓe gaɓar ce ke fara yagewa. Biyun nan na tsinkewa sai kafaɗa ta sauka, kan ƙashin wuya ya yi tudu a ƙarƙashin fata: ka danna da yatsa ya nutse, ka saki ya taso.

Da an ga haka sai a ce kafaɗa ta goce, a kama hannu a yi ta ja. Alhali kan ƙashin dantse yana nan daram a gurbinsa, babu abin mayarwa. Jan ba ya haɗa jijiyar da ta tsinke, sai ƙarin azaba da ɓarna.

Likitocin ƙashi sun kasa raunin mataki 6. Na 1 da na 2, a rataye hannu na mako 1 zuwa 2, a riƙa ɗora ƙanƙara cikin tsumma na minti 15, sannan a fara motsa shi sannu a hankali don kada ya sandare. Na 3 ma yakan warke ba tiyata. Daga 4 zuwa 6 galibi sai an yi aiki. Hoton ƙashi ne ke bambanta shi da karaya, don haka a fara da shi. In kuwa hannu ya yi sanyi ko yatsu suka daina ji, a garzaya asibiti nan take.

Naka,
Mai karanta jaridarku