Rahoton ayyukan shekara na kungiyarmu ta dalibai a Madina

Assalamu alaikum 'yan uwa dalibai. Ga bayanin abin da kungiya ta yi a shekarar karatun da ta kare, wanda bai samu zuwa zama ba sai ya karanta anan.

Babban aikin bana shine hada kowane sabon dalibi da wani tsohon dalibi da zai rike hannunsa. Kowa ya san yadda abin yake, yaro ya sauka daga Kano ko Damagaram da Larabcin littafi a kansa, mai tasi ya yi masa ammiyya, wato Larabcin kan titi, ya tsaya yana kallonsa, ga gwajin asibiti ga jiran iqama (katin izinin zama) ga bude asusun banki kafin mukafa'a, wato kudin tallafin da jami'a ke ba dalibai, ta fara shigowa, a wannan tsakanin ne wasu ke kwana da yunwa suna jin kunyar fada. Yayyen da suka yi ta zirga-zirga da kannensu Allah ya saka da alheri. Wadanda suka karbi suna suka bace kuma, mun gani.

Muraja'a, wato bitar karatu, kafin jarrabawa ta tafi daidai, 'yan ma'ahad (sashen koyon Larabci) nahawu da sarfu, 'yan kulliya (masu karatun digiri) kuma fara'id, wato ilimin rabon gado, ne ya fi tara jama'a kamar kullum. An je Umra tare, an yi buda baki da azumi.

Inda har yanzu da sauran aiki shine maganar damuwa. Dalibi a yi masa rasuwa a gida, kafin ya samu huruj da auda (bizar fita da dawowa) da kudin tikiti an dade da binnewa, sai ya kulle kansa a daki ya daina shiga muhadara, in ya yi magana a ce masa kai da kake Madina me zai dame ka. Wallahi wannan kalmar tana kara rufe bakin mutum ne kawai, zama a gari mai albarka baya hana kewar mahaifiya. Don haka shekara mai zuwa za a sa mutum daya a kowane bene na sakan, wato masaukin dalibai, ya rika leka 'yan uwa, in abin ya wuce nasiha a raka mutum wurin likita ba tare da an yada shi a guruf ba.

Asusun taimako kuma ya yi kasa sosai, dan Allah masu rance a hannu su tuntubi ma'aji kafin a watse hutu, sababbin dalibai na nan tafe. Ranar zabe za a sanar.