Zuwa ga Babangida a Landan

Babangida,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan Jos sai godiya. Sanyi ya sauko da wuri bana, ƙafar Innarka kuma da sauƙi.

Na ga hoton tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ka turo, wai in duba ko akwai Yeti, dodon nan na shirin talabijin Doctor Who, a laɓe. Na yi dariya. Ashe har yau kana kan bakanka cewa a labaran shirin, The Web of Fear ya fi The Enemy of the World. Tun 2013 muke wannan gardamar, shekarar da BBC ta sanar an tsinto kashi tara na Doctor Who da suka ɓace, kuma ba a ko'ina ba sai a wani gidan talabijin na garinmu. Ka hana mu sakat sai da aka samo maka su.

Ban raina naka ba. Duhun ramin jirgi, yanar da ta cinye Landan, sojoji suna ja da baya tasha bayan tasha, kowa na zargin ɗan'uwansa, duk an tsara su da kyau. Ga takaicin kashi na uku da har yau ba a gani ba, inda Kanar Lethbridge-Stewart ya fara bayyana. Amma Yeti dodo ne na ƙarfe da gashi, da ka hango shi ka san gudu ya kama ka.

Nawa ba dodo a cikinsa, shi ya sa ka ce yana sa ka barci. Patrick Troughton ne ya fito a matsayin Likita, jarumin shirin, shi ne kuma Salamander, mugun labarin, fuska ɗaya. Duniya na yi wa Salamander kirari don ya ciyar da masu yunwa. Ka tuna mutanen da ya ajiye shekaru a ƙarƙashin ƙasa? Ya ce musu yaƙin nukiliya ya ƙone sama, duk wanda ya fita zai mutu, shi kaɗai ke sayar da ransa ya kawo musu abinci. Suna yi masa aiki suna gode masa. Sai da Swann, ɗaya daga cikinsu, ya tsinci guntun jarida cikin kayan abinci ya gane duniya na nan lafiya lau. Ka san abin da Salamander ya yi masa da ya fito da shi.

To Babangida, ɗan Gwaggonka Talatu ya dawo, ya kuma yi magana. Ya ce wata biyu ba ka leƙa makaranta ba. Ya ce a ƙasan shagon wannan Alhajin kake kwana, fasfo ɗinka yana hannunsa wai ajiya, kuma ya tsorata ka cewa in ka je ofishin makaranta za a maido ka gida. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Innarka ba ta sani ba, kuma ban san ranar da zan iya ɓoyewa ba.

Kar ka ce min mutumin kirki ne, ɗan gida ne, yana salla a sahun farko. Haka Kawunka Sale ya faɗa mana daga Jidda. Gonar Bukur muka sayar don ka yi karatu, ba don ka ɗaga kwalaye a ƙasan shagon wani ba. Kai da ka iya gane maci amana a fim tun kashi na biyu, yau an karɓe takardunka kana cewa na gode? Ina hankalin naka ya tafi?

Na san za ka ce halina ne, kamar lokacin maganar Kaduna. Wataƙila na tsananta a lokacin, amma wa ya yi gaskiya a ƙarshe? Bar wannan ma. In kuɗi ne suka yanke, ka faɗa min, ba abin kunya ba ne, ni ma na yi rashi ina da shekarunka.

Ka karɓi fasfo ɗinka. Ka je makaranta da ƙafarka ka ji daga bakinsu. Kafin Juma'a ina son hotonka riƙe da shi, a waje, cikin hasken rana in akwai ta a can.

Innarka ta ba da yaji da kilishi a kawo maka. Allah Ya tsare min kai.

Babanka