Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni kan API na kyauta

Assalamu alaikum ƙanena.

Ranar Asabar, a taron matasa masu rubuta manhaja a nan Katsina, ka miƙe a bainar jama'a ka ce in faɗa maka wane API (wato ƙofar da manhaja ke bi ta ɗauko bayanai daga wani shafin intanet) na kyauta ya fi, tunda kana haɗa wa manoman Daura manhajar hasashen ruwan sama da lokutan salla. Magariba ta kawo jiki ban amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Kan yanayi, Open-Meteo zan ba ka. Babu rajista, babu makulli, wato lambar sirrin da wasu ke ba ka kafin su bari manhajarka ta ɗauki bayanansu. Ka miƙa masa lambobin taswirar Daura, wajen 13.03 da 8.32, ya dawo maka da hasashen kwana 7. Sai dai kyautarsa na da sharaɗi: kada manhajarka ta wuce kira, wato neman bayani, 10,000 a rana, kuma ban da kasuwanci. Ranar da ka fara karɓar ko naira ɗari daga manomi, ka fita daga yarjejeniyar. OpenWeatherMap kuwa sai da makulli, kira 60 a minti. In shi ka zaɓa, don Allah kada ka dasa makullin cikin manhajar wayar. Akwai masu tono shi su cinye maka kasonka kana barci.

Lokutan salla, Aladhan ya wadatar, shi ma ba makulli. Amma lissafi yake yi, hanyoyin lissafin kuma sun bambanta, musamman kan asuba da isha'i. Ka gwada shi da kiran sallar masallacin unguwarku na mako guda. Kwanan watan Hijira da yake bayarwa kada ka ɗora azumin mutane a kansa. A ƙasar nan sanarwar Sarkin Musulmi ake jira.

Taswira ce ta fi damuna. Google Maps sai ka sa katin banki. Nominatim na OpenStreetMap, mai nemo lambobin taswirar wuri in ka ba shi sunansa, kyauta ne, kira ɗaya a daƙiƙa, amma na sha neman sunan ƙauye a ciki in rasa. Ka tattara lambobin ƙauyukan Sandamu da Mai'aduwa da kanka, ka ajiye su cikin manhajar.

Haka hasashen ma: manhajar ta ɗauko sau ɗaya da safe ta adana, don manomin da ke gona bai cika samun sabis ba, datarsa kuma da kuɗin taki take gasa.

In ka gama ka kawo min ita, mu kashe data mu ga abin da za ta nuna.

Yayanka a wannan sana'a,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.