Maganar firaktikal ɗin yaranka

Assalamu alaikum Malam, ya gida ya iyali, ya makaranta da yara? Ya jikin Hajiya, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Mu nan New York lafiya lau sai sanyi da ya fara shigowa.

Tun rannan da ka ce min yaran SS2 naka sun haddace DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, kamar karatun allo amma ko ɗaya bai taɓa ganin abin da ido ba nake son rubuto maka. Makarantar su babbar 'yata ta kai su DNA Learning Center, wata cibiya ce ta ɗakin binciken kimiyya na Cold Spring Harbor da aka buɗe a 1988 don ɗaliban sakandare su riƙa yin gwaji da hannunsu, wlh yarinyar da ko littafin bayoloji ba ta son buɗewa ta dawo ta hana mu cin abinci da surutu.

An ba kowa wata 'yar takarda ya ɗora a harshe, wasu suka yamutsa fuska don ɗaci wasu kuma ba su ji komai ba, takarda iri ɗaya fa. Sai aka ce to ku nemo dalili a jikinku. Suka kuskure baki da ruwan gishiri aka samu ƙwayoyin cikin kumatu, suka ciro DNA, aka sa a injin PCR wanda ke ta kwafe ɗan yanki ɗaya har ya kai miliyoyi (sinadarin da ke kwafewar ma daga wata ƙwayar bakteriya aka samo shi a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone, shi ya sa zafin injin ba ya kashe shi). Daga nan aka sa wani sinadari da ke yanka DNA ɗin wasu ya bar na wasu, suka zuba a jel (wani abu mai kauri da DNA ke ratsawa) aka jona wuta, ƙananan yankuna suka yi gaba manya suka tsaya baya, kowa ya ga layukansa ya gwada da abin da harshensa ya faɗa.

Na san me za ka ce, ina kuɗin inji ina wutar. Gaskiya ne. Amma matakin farko ba ya son ko ɗaya. Ayaba nunanniya a dame ta a leda da ruwa da ɗan gishiri da sabulun wanke kwano na ruwa, a tace da ƙyalle, sai a tsiyaya sifirit mai sanyi sosai a hankali ta gefen kofin gilashi, kar a girgiza. Za ka ga farin abu mai yauƙi kamar na kuɓewa ya taso, yaro ya naɗo shi da tsinke. Sabulun ne ke fasa ƙwayoyin, sifirit kuma DNA ba ya narkewa a cikinsa shi ya sa yake fitowa fili. Albasa ma tana yi.

Ni dai inda na fi ganin amfaninsa gare mu shi ne sikila. Tunda Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024 kowa ya iya cewa AA da AS, amma mutane da yawa sun ɗauka in AS ya auri AS to cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai zo SS, in ya zo shikenan sauran sun tsira. Alhali kowane ciki lissafinsa daban, ɗaya bisa huɗu ake sake bugawa. Ka zuba wake fari da ja daidai wa daida a jaka biyu, yara su yi ta zaro ɗaya-ɗaya ido rufe suna rubutawa, da kansu za su ga ja da ja, wato SS, ya fito sau biyu ko uku a jere. Abu ɗaya nake roƙonka, kar ka tambayi yaro jinotaif ɗinsa a gaban aji, ka san bakin yara, musamman 'yan mata abin yana iya bin su har maganar aure.

Cibiyar DNA ɗin nan tana da reshe a Jami'ar Godfrey Okoye da ke Enugu, ka rubuta musu ka ji ko suna horar da malamai. In ka gwada na ayabar ka turo min hoto ta WhatsApp. Ka gaida Hajiya da mutanen majalisa.

Naka aminin.