Turbo ba ya mutuwa haka kawai: kira ga masu motoci da makanikai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da masu motoci da 'yan'uwanmu makanikai a kan matsalar da ke ƙara yawa a garejojin Kano, Kaduna da Abuja, har da Maraɗi da Damagaram, wato lalacewar turbo, da kuma batun sabunta manhajar inji da ake ta ruɗa jama'a da shi. Da yawa daga cikin motocin Beljiyam da na Amurka da ke shigowa yanzu ƙananan injina gare su masu turbo, lita 1.2, 1.4, 1.5 ko 1.6. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane suka ƙara karkata gare su saboda ba sa shan mai. Sai dai ana kula da su ne yadda ake kula da tsohuwar 504, kuma a nan gizo ke saƙar.

Turbo farfela biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta farko, ta biyun kuma ta zuƙo iska ta danna ta cikin inji da ƙarfi. Sandar tana juyawa sau 150,000 zuwa sama da 200,000 a minti ɗaya, zafin ɓangaren hayaƙi kuwa yakan kai digiri 900 a injin fetur. Babu abin da ke tsakanin wannan sanda da bushin ɗinta sai ɗan siririn baƙin mai. Idan man ya yanke na daƙiƙu kaɗan, ko ya zo da datti, an gama. Saboda haka duk turbon da ya lalace akwai abin da ya kashe shi, kuma in ba a gano abin ba, sabon da aka ɗaura ma ba zai yi nisan kwana ba.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne injin dizal na 1.6 HDi da ke cikin Peugeot 307, 308, 407 da Partner, wanda Ford ma ta sa a Focus da sunan 1.6 TDCi. A ƙarƙashin kowane nozul akwai wasa, wato ɗan zoben jan ƙarfe, da ke toshe hayaƙi. Idan ya saki, hayaƙi yana hawowa ta gefen nozul, sai ka ga wani baƙin abu kamar kwalta ya taru a wurin, ka kuma ji ƙarar "cis-cis" idan mota tana silo. Wannan dattin yana gangarawa cikin baƙin mai, ya yi kauri, ya toshe rariyar famfon mai da ke cikin kwanon ƙasan inji. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar rariya a cikin bolti mai huji, wanda ke ɗaure bututun da ke kai wa turbo mai a jikin bulok. Ita ce ke fara toshewa. Turbo ya rasa mai, sanda ta ci bushin, farfela ta fara gogar gidanta. Mai mota ya je Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo wani, a ɗaura, bayan mako biyu ko uku ya sake mutuwa, sai a ɗora laifin a kan mai sayar da kaya alhali tushen cutar yana nan inda yake.

Aikin da ya kamata a yi wa irin wannan injin a bayyane yake. A canja wasan nozul duka huɗu. A sauke kwanon ƙasa a wanke shi tas, a sa sabuwar rariyar famfo. A canja bututun da ke kai mai da boltocinsa biyu. Wankewa ba ta isa, domin dattin da ya ƙone a cikin bututu ba ya fita da fetur. A duba bututun da ke mayar da mai ƙasa, a cire intakula, wato abin da ke sanyaya iskar da turbo ke dannawa, a tsiyaye man da ya taru a ciki. Sannan a yi gwajin da mutane da yawa ke tsallakewa: a ɗaura turbo, a sa dogon tiyo a mafitar mansa zuwa cikin gwangwani, a tayar da inji a silo na daƙiƙa 60, a kashe, a auna. Dole a samu aƙalla lita 0.3. In bai kai ba, akwai toshewa a wani wuri, kada mota ta bar gareji. Injin yana ɗaukar lita 3.75 ne har da filta, don haka a cika abin da ya fita kafin a maimaita gwajin. Bayan an ɗan zagaya da motar kilomita 30 zuwa 50, a sake juye da sabon filta.

Wannan ƙa'idar ta shafi kowace mota mai turbo. Kafin a tayar da sabo, a ɗura masa baƙin mai ta mashigarsa, a juya farfelar da yatsa, a cire fiyus ɗin famfon fetur ko dizal, ko wayar nozul, a buga sitata na daƙiƙa 10 zuwa 15 don mai ya hau, sannan a tayar a bar shi a silo minti biyar ba tare da taka totur ba. Kada a shafa gam a gaskit ɗin bututun mai. Gam ɗin da ya matso ciki yana ɓallewa ya toshe ƙaramar kafar da mai ke bi.

Ba kuma duk motar da ta rasa ƙarfi ce turbonta ya mutu ba. Lambar P0299 da kwamfutar gwaji ke nunawa tana cewa ne iskar da ake dannawa ba ta kai yadda ƙwaƙwalwar mota ke so ba, P0234 kuma tana cewa ta yi yawa. Babu wadda ta ce a canja turbo. Tiyon intakula da ya tsage, kilif da ya saki, siririn tiyon iska da ke jan ƙofar rage hayaƙi, solonoyid ɗin da ke sarrafa ta, sensar da datti ya rufe, katalis ko matatar hayaƙin dizal da ta toshe, kowanne yana iya kawo waɗannan lambobi, ya sa mota ta ƙi wuce wani gudu har sai an kashe an sake tayarwa. A turbon dizal mai fukafukan ciki masu motsi, baƙin toka kan riƙe fukafukan su daina buɗewa, kuma sau da yawa kwancewa da gogewa sun wadatar. Hanyar tantancewa mai sauƙi ce: a cire tiyon shigar iska inji na kashe, a kama sandar da yatsu biyu. Ɗan motsi sama da ƙasa ba laifi ba ne muddin farfela ba ta taɓa gida. Motsi ciki da waje kuwa bai kamata a ji shi ba. A haska tocila a ga bakin farfelar. In ya cinye kamar an goga masa fayil, ƙura ce, kuma laifin filtar iska ne ko wani tiyo da ke shan iska ta gefe. A lokacin hunturu a riƙa duba filtar duk wata, kuma a daina hura ta da iskar kwamfireso mai ƙarfi, domin takardar tana yagewa ba tare da ido ya gani ba.

Haka nan ganin mai a bakin turbo ko shuɗin hayaƙi a salansa ba hujja ba ce. Turbo ba shi da sil ɗin roba; ƙananan zobba ne na ƙarfe da ke aiki da daidaiton matsin iska. Idan bututun mayar da mai ya toshe, ko numfashin inji ya toshe, ko an cika baƙin mai ya wuce alama, lafiyayyen turbo ma zai zubar. Amma ga masu dizal akwai haɗari na gaske: man da ya taru a intakula inji na iya zuƙarsa ya riƙa ƙonawa, ya hau gudu da kansa, ko an zare makulli ba zai mutu ba. In haka ta faru da mota mai giyar hannu, a taka birki, a sa giya mafi girma, a saki kuloci. Kada a toshe mashigar iska da tafin hannu ko tsumma.

Sai maganar manhaja. Abu biyu ne ake haɗawa a suna ɗaya. Na farko shi ne gyaran da kamfanin da ya ƙera motar ya fitar don wata matsala takamaimai. Honda ta yi haka daga ƙarshen 2018 a kan injin 1.5 mai turbo na CR-V ƙirar 2017 da 2018, sannan Civic, saboda fetur yana gangarawa cikin baƙin mai a yankuna masu tsananin sanyi inda inji ba ya saurin ɗumi. Sabuwar manhajar tana sa inji ya yi zafi da wuri. Ana iya cewa mu da muke ƙasar zafi ba ruwanmu, amma al'adarmu ta cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye tana mayar da inji cikin irin wancan halin: ba ya kai zafin aikinsa na wajen digiri 90, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ƙara mai, baƙin mai ya tsinke. Duk mai irin wannan mota ya riƙa zaro sandar awo yana shinshinawa. In man yana ƙaruwa maimakon raguwa kuma yana warin fetur, a yi juye nan take, a mayar da tamostat.

Volkswagen ma ta sabunta manhajar injinan dizal na 1.2, 1.6 da 2.0 TDI a Turai bayan abin kunyar maguɗin gwajin hayaƙi da ya fallasa a watan Satumban 2015, wanda ya shafi motoci kusan miliyan 11 a duniya. Wancan gyaran don rage gurɓata iska aka yi shi, kuma masu motoci da dama sun koka bayansa da matsalar bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji. Golf ko Passat ta dizal da ta fito daga Jamus mai yiwuwa an riga an yi mata. Idan tana yawan toshe EGR a nan, a tuna cewa an tsara ta ne don dizal ɗin Turai, wanda tun 2009 sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce 10 cikin miliyan ba. Matakin da ƙasashen ECOWAS suka amince da shi a 2020 shi ne 50, gas ɗin bakin hanya kuwa babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinsa.

Na biyu shi ne abin da wasu ke yi da laftof a gareji: ƙara matsin turbo don mota ta ƙara gudu, ko goge EGR da matatar hayaƙi daga ƙwaƙwalwa, ko kashe lambar kuskure don fitilar cek ta daina kamawa. Ra'ayinmu shi ne a guji ƙara wa tsohuwar mota matsi. Turbon da ya yi kilomita 200,000 a Turai, aka kawo shi cikin zafin digiri 40 da fetur ɗin da ba a san ƙarfinsa ba, bai da sauran wurin ƙari. Motocin Turai masu turbo da yawa an rubuta 95 a cikin murfin tankinsu, wato ƙarfin fetur ɗin da suke buƙata. Ƙarin matsi a kan fetur mai rauni yana kawo ƙwanƙwasa, ƙwanƙwasa kuma fistin take fasawa. Kashe lambar kuskure kuwa ya fi komai muni, domin ƙwaƙwalwar ta daina rage ƙarfi a lokacin da ya kamata ta kare injin.

Wanda zai sa manhajar kamfani ya fara da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. In motar Amurka ce, shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, yana nuna kiranyen gyara na kamfani da ba a yi wa motar ba, kyauta. Ƙananan gyare-gyaren da ba su kai kiranye ba kuwa sai a tambayi dilan kamfanin ko mai na'urar kamfani ta asali. A karanta lambar manhajar da ke ciki a rubuta, a ajiye kwafinta, a tabbatar sabuwar ta dace da shasi da irin giya da ƙasar da aka ƙera wa motar. A gyara duk wata matsala ta ƙarfe ko ta waya tukuna, domin manhaja ba ta ɗinke tiyo. A haɗa batir da na'urar da ke riƙe wuta daidai a wajen bolt 13 zuwa 13.5, a kashe AC da fitilu da rediyo, laftof ya kasance cike da caji, tunda wutar NEPA ba abin dogaro ba ce. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutawa, ƙwaƙwalwar na iya mutuwa gaba ɗaya, kuma a motocin zamani sabuwa sai an haɗa ta da makulli. Idan turbon da aka canja mai ɗan ƙaramin injin lantarki ne a jikinsa, a motoci da yawa dole a koya wa ƙwaƙwalwa iyakar buɗewarsa da rufewarsa da kwamfuta, in ba haka ba P0299 za ta dawo ko da komai sabo ne.

Abin da ya rage na mai mota ne. Man 20W-50 da aka saba da shi ba na waɗannan injina ba ne. Ya yi kauri, yana jinkirin isa turbo da safe. A bi abin da ke rubuce a murfin mai ko littafin mota, galibi 0W-20, 5W-30 ko 5W-40. Ga ƙananan injinan fetur masu turbo a nemi mai alamar API SP ko SN Plus, ga dizal mai matatar hayaƙi kuma ACEA C2 ko C3 gwargwadon abin da kamfani ya ce, a saya a inda aka amince da shi saboda jabu ya yi yawa. Tazarar kilomita 20,000 da ke cikin littafin Turai ba tamu ba ce. Da ƙurarmu da cunkosonmu, 5,000 zuwa 7,000 ya fi dacewa, da sabon filta kowane juye. Da safe a ba inji rabin minti, a tafi a hankali har ya yi ɗumi. Bayan doguwar tafiya irin ta Kano zuwa Kaduna a bar shi a silo minti ɗaya zuwa biyu kafin a kashe. Al'adar nan ta taka totur sau biyu sannan a murɗe makulli a daina ta: famfon mai yana tsayawa tare da inji, sandar turbo kuwa tana ci gaba da juyawa a bushe.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Daga wasu makanikan injin mota, Kano