Kuɗin Fom Bashi Ne, da Kwangila Ake Biyansa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan yadda attajirai ke riƙe da linzamin masu mulki, don masu tsine wa ɓarayin gwamnati a majalisun hira na Sakkwato daga wutsiyar zancen suke kamawa.

Tun wurin sayen fom ake ɗaura igiyar. A 2022 APC ta sa fom ɗin takarar gwamna naira miliyan 50, PDP miliyan 21. Ga daliget, ga 'yan banga, ga wakilan rumfuna a ƙananan hukumomi 23. A lokacin, Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana mutum ɗaya ba ɗan takara fiye da miliyan 50, amma wa ke ƙirga abin da aka kai gida a buhu da tsakar dare? Uban gida jari ya zuba, kuma zai zo karɓar riba.

Ga yadda yake karɓa. A ce rijiyar burtsatse za a haƙa a wani ƙauye. Kamfani uku za su nemi aikin, alhali duk na mutum ɗaya ne, an sa sunan direbansa da na ƙanen matarsa. Ya karɓi kuɗin somin-taɓi, ya cire nasa, ya sayar da takardar. Wanda ya saya ma ya sayar. Na ƙarshe, da abin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba, sai ya tsaya a ruwan farko da ya tarar, ya sa bututu mai arha, injiniya ya sa hannu cewa aiki ya kammala. Bazara na yi, ruwa ya janye, mata su koma rijiyar guga. Ita kuwa "gaisuwar" da ake kai wa masu iko, wato toshiyar baki, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ambace ta da sunanta a littafinsa Kitabul Farƙ, ya kushe ta.

Roƙona ga jaridarku: ku daina tsayawa ga hoton yanke kirtani. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa takarda. Ku nemi sunan kamfani da kuɗin aiki, ku duba rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ku ga masu shi na ainihi, sannan ku tura wakili ƙauyen a watan Afrilu ya buɗe famfon da hannunsa.

Naku,
Mai karatu daga Sakkwato