Zuwa ga Abba, a kan ranar da injin ya yi maka tari a sama

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan karatunka na tuƙin jirgin sama. Mu nan gida lafiya lau, sai godiyar Allah.

Mahaifiyarka ta ba ni labarin wayar da kuka yi daren Talata. Ta ce injin ya fara gargada kuna sama, kai kuma ka kafa wa agogon mai ido kana taɓa wannan kana taɓa wancan, har hancin jirgin ya sunkuya ba ka sani ba, sai da malaminka ya karɓi tuƙi. Ta ce tun ranar ba ka cin abinci sosai, kunya ta hana ka kirana. Shi ya sa na ɗauki biro, don abin da zan faɗa ya fi ƙarfin waya.

Na gode wa Allah da wannan ya same ka akwai malami a gefenka. Ba tarin injin ne ya tayar mini da hankali ba, hancin nan da ya sunkuya ne. Abba, komai ya lalace a jirgi, tuƙi ne farko. Sai ka daidaita shi, sannan ka san inda ka dosa, sannan ka yi magana da hasumiya, wato masu kula da zirga-zirgar jirage daga ƙasa. Gyara yana zuwa ne a bayan waɗannan. A watan Disambar 1972 wani babban jirgin kamfanin Eastern ya taso daga New York zai sauka Miami a Amurka, fitilar da ke nuna tayar gaba ta fito ta ƙi kamawa. Ƙwararrun matuƙa suka taru a kan fitilar nan, babu mai lura jirgi yana gangarawa a cikin duhu, har ya faɗa fadamar Everglades. Mutum 101 suka rasu. Da aka bincika, tayar lafiyarta ƙalau, ƙwan fitilar ne kawai ya ƙone. Abin da ka yi ranar Talata ƙanin wannan ne, kuma gara ka ji daga bakina.

Injin ko ya mutu murus, fiffike bai mutu ba. Ƙaramin Cessna 172 irin wanda ake koyo da shi, in ka riƙe shi a gudun da littafinsa ya ce, wajen not 65 zuwa 68 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), daga tsayin ƙafa 3,000 zai kai ka kusan kilomita 8 in iska ba ta tare ka ba. Mintoci ne a hannunka, sun ishe ka. Lambar gudun nan ka haddace ta kamar sunanka, hannunka ya nemo ta kafin kanka ya gama tunani.

Sai zaɓen wurin sauka, kuma a nan ne na fi so ka saurare ni, don littafin Turawa bai san ƙasarmu ba. Fadama daga sama kore shar, kamar an shimfiɗa darduma, amma laka ce, taya na taɓawa za ta kafe jirgi ya kifa. Gonar da aka girbe ta fi, sai dai ka bi tsawon kunyoyi, kada ka gitta su. Wayar lantarki ba a ganinta sai an zo kanta, turakunta za ka nema. Hayaƙin masu ƙona daji zai nuna maka inda iska ta nufa, ka sauka kana fuskantarta. In ka zaɓi fili, ka tsaya a kansa. Mai sake shawara a ƙafa 500 yakan rasa na farko ya rasa na biyu.

In kuwa kana tashi ne injin ya ɗauke, ƙasa na nan kusa, zuciyarka za ta ce ka juya ka koma titin da ka baro. Kada ka bi ta. Juyin nan ya ci matuƙa da yawa, domin gudu yakan ƙare a tsakiyar kwana jirgi ya sulmiyo. Sunkuyar da hanci, ka sauka a abin da ke gabanka, ko da jirgin zai karce.

Ni ma na taɓa irin taka. Ina ɗalibi, da damina, gari ya yi lumshi, injin ya fara rage ƙarfi a hankali. Ƙanƙara ce ta taru a kafireta, abin da mutane ba sa yarda yana faruwa a ƙasa mai zafi, alhali laima ce ke kawo shi. Na ja mariƙin da ke tura iska mai ɗumi, sai injin ya ƙara kakari, farfela tana karkarwa. Tsoro ya kama ni, na kai hannu zan mayar. Malamina bai ce uffan ba, ya dafe hannuna a kan mariƙin. Har yau ina jin nauyin tafinsa. Ruwan ƙanƙarar da ta narke ne injin yake haɗiya, can sai ya washe. Daga ranar na koyi in yi abu ɗaya, in jira in ga sakamakonsa. A 1989 a Kegworth ta Ingila, injin hagu na wani jirgin fasinja ne ya lalace, matuƙa suka kashe na dama mai lafiya, mutum 47 suka rasu. In ka kai ga jirgi mai injin biyu, ka tuna da su kafin ka kashe komai.

Kada ka ji nauyin kiran Mayday, wato kiran neman agajin gaggawa, in abin ya kai. Ka san 121.5, tashar gaggawa a rediyo, ka san 7700, lambar gaggawa da ake sawa a na'urar da ke nuna jirgi ga masu hasumiya. An ajiye su ne domin irinka. Haka in ka tsiyayi mai kafin tashi ka ga ɗigon ruwa a gindin kwalba, ko gwajin wutar injin bai yi maka daɗi a kunne ba, ka koma ka faɗa wa injiniya, ko da abokanka za su riga ka cika awoyi.

Gobe ka je wurin malaminka, ka roƙe shi ya riƙa rage maka ƙarfin injin ba zato, sau da yawa, har hannunka ya saba. Ranar Juma'a bayan masallaci ka kira ni da kanka, ka karanto mini matakan mutuwar injin da ka, ba ka duba takarda ba. Mahaifiyarka ta ba direba dambun nama ya kawo maka, ka ci. Ƙannenka suna gaishe ka.

Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Mahaifinka